Daga Zangon Agege zuwa zangon karatu a Jamus

Sati biyu cur saƙon ya yi a wayata kafin in iya buɗe baki in faɗa a gida. Jami'ar Bayreuth da ke Jamus ta amince in je in yi zangon karatu ɗaya a tsarin musayar ɗalibai, daga Oktoban 2023 zuwa Fabrairun 2024, har da tallafin kuɗin zama. Digiri na biyu nake yi a fannin tarihi a Jami'ar Legas, kuma rubutuna a kan fataucin goro ne a Agege, wato sana'ar gidanmu tun daga kan kakana. Sunan Bayreuth ba baƙo ba ne a Akoka, inda jami'armu take, domin tun 2019 Legas tana cikin cibiyoyi huɗu na Afirka da jami'ar ke aikin bincike da su, sauran suna Wagadugu da Eldoret ta Kenya da Makhanda ta Afirka ta Kudu. Na dai cike takardu na tura, ban sa rai ba.

Abin da ya ɗaure min baki Baba ne. Mutumin da in na fita daga Zango da sassafe, na hau danfo zuwa Oshodi, na sake wata zuwa Yaba, kafin in isa Akoka ya kira ni sau biyu, shi za a ce wa 'yarsa budurwa za ta ƙetare teku ita kaɗai? Umma na fara samu, tana tankaɗe a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni ba ni da ta cewa. Je ki samu Kawunki." Kawu ɗan canji ne a Ikeja, kuma tambayarsa ta farko ita ce, "Da yuro za su riƙa biyan ki?" Da na ce e, sai ya gyara zaman hularsa ya ce in bar masa maganar.

Bayan sallar isha'i aka yi zaman, ni kuwa ina laɓe a bayan labule. Baba ya kawo maganar muharrami, ya kawo ta abinci, ya kawo ta abin da mutanen unguwa za su ce. Kawu yana warwarewa, Baba yana sake ƙullawa. Hajiya, mahaifiyar Baba, tana gefe da carbinta kamar ba ta ji, sai can ta yi gyaran murya. "Ubanka yana ɗan shekara goma sha biyar ya hau jirgin ƙasa daga Kano ya sauka Ikko, ba ya jin ko gaisuwa da Yarbanci. Wa ya rako shi? Ku bar yarinya ta je ta dawo." Daga nan Baba bai ƙara musu ba, sai sharaɗi biyu: in kira gida kullum bayan magariba, kuma in dawo kafin azumi.

Sai wahalar takardu. Fasfona ya kusa ƙarewa, da na je sabuntawa aka tarar sunana na tsakiya a katin ɗan ƙasa ya bambanta da na tsohon fasfo da harafi ɗaya. Harafin nan ya ci min sati biyar da sawu huɗu a wani ofishi da ba zan kira sunansa ba, kullum ana ce min intanet ta ɗauke. Bizar dogon zama kuwa kuɗinta yuro 75 ne, kuma a 2023 ɗalibin da ba shi da tallafi sai ya nuna ya ajiye yuro 11,208 na shekara guda a wani asusu da ake kullewa, a riƙa sakar masa 934 duk wata. Takardar tallafina ce ta tsaya min a wannan gurbin, in ba don ita ba da ko huhunan goron Baba duka aka sayar ba za mu tashi kuɗin ba. Lokacin ne fa aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi wa kanta daraja a kasuwa. Duk yamma Kawu zai turo min farashin ranar ba tare da ko sallama ba, lamba kawai. Kafin ƙarshen Satumba dala ta haura naira 1,000 a hannun 'yan canji.

Ranar ganawar biza da ƙarfe huɗu da rabi na asuba Yaya ya ɗauke ni, don mu haye gadar Third Mainland kafin gosulo ya tashi. Mun isa Victoria Island da saura awa biyu, muka yi salla a gefen titi tare da masu gadi 'yan arewa, ɗayansu har ya ba ni kujerarsa. Ganawar kanta ba ta wuce minti goma ba.

Rigar sanyi wurin 'yan gwanjo na Katangowa muka samo ta. Wanda bai taɓa gwada jibgegiyar rigar da aka ɗinka domin dusar ƙanƙara a cikin zafin Legas da tsakar rana ba, ba zai gane ba. Mai kayan ya rantse ko Rasha na je da ita ba abin da zai same ni, na biya ina ɗigar da gumi. A gida kuma Umma ta buɗe nata shirin: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin rogo, ƙuli-ƙuli, man shanu, da kilishin da ta aika aka yi takanas. Sai da na karanta mata cewa Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga waje ba, sannan ta yarda aka fitar da kilishin da man, tana mita. Ƙannena ba su taya ta baƙin ciki ba ko kaɗan. A daren tafiya Baba ya miƙo min ƙwaryar goro guda, daushe ɗari cif, ya naɗe da ganye da hannunsa. Ya ce, "Ki ba malamanki. Ba a shiga garin mutane hannu rabbana."

Tun ina yarinya jiragen da ke tashi daga filin Murtala Muhammed ke wuce saman rufinmu, ranar ce ta farko da na kasance a cikin ɗaya. Da dare muka tashi, bayan awa shida da 'yan kai muka sauka Frankfurt da asuba. Daga nan jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Nuremberg cikin kamar awa biyu, sai wani ƙarami mai amfani da dizil ya ɗauke ni kusan awa guda ta cikin dazuzzuka da duwatsu. Sunan garin ma sai a nan na koyi faɗinsa, ashe Bairoit ake cewa. Gari ne a arewacin jihar Bavariya mai mutane dubu saba'in da 'yan kai, ina jin in aka juye masu cin kasuwar Agege na yini ɗaya a cikinsa sai ya yi musu kaɗan.

Kuskurena na farko shi ne isowa ranar Lahadi. A Jamus kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi, a Bavariya kuwa ko a ranakun aiki ƙarfe takwas na dare ake rufewa. Ɗalibar da aka turo ta tare ni ta kai ni ɗakina, ta ba ni makulli, ta nuna min hita, ta tafi. Abincina na farko a Turai garin rogo ne da ruwan famfo da ƙuli-ƙuli. Da dare kuma barci ya ƙi zuwa, na daɗe ina juyi kafin in gane dalili: shirun ne ya yi yawa. Babu janareta, babu hon, babu kwandastan da ke kiran Oshodi, babu kiran salla. Da asuba waya ce ta tashe ni, na yi alwala da ruwan ɗumi, na nemi alƙibla da manhaja, na ji kamar ni kaɗai ce a farke a duniya.

Satin farko ya tafi a rajista. Doka ce baƙo ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin kwana 14, sai asusun banki, sai inshorar lafiya, sai kuɗin zango na yuro ɗari da 'yan kai, domin kuɗin makaranta dai ba a biya. Jamusawa mutanen wasiƙa ne, komai a takarda ake aiko maka ta akwatin gidan waya. Wata rana na buɗe wata na ga ana neman yuro 18.36 duk wata daga kowane gida, kuɗin rediyo da talabijin, ko kana da su ko ba ka da su. Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi har da tari. Ya ce shekara arba'in yana sauraren Jamus a rediyonsa ba su taɓa cajin sa kwabo ba, ashe jira suke 'yarsa ta zo su fanshe. Na kuma koyi cewa robar ruwa kuɗi ce, santi 25 ake mayar maka in ka kai ta na'urar kanti. Shara kuwa gida-gida ake raba ta. Abokiyar zamana ba ta taɓa yi min magana a kai ba, 'yar takarda ta manna a ƙofar kicin da zanen fuska mai murmushi, ni kuwa da ta fito ta yi min faɗa irin na Legas da ya fi min sauƙi.

A aji ma abubuwa uku suka ruɗa ni. In an rubuta darasi ƙarfe goma, goma da kwata ake nufi, tsohuwar al'adar jami'o'insu ce. In malami ya gama, ba a tafi, sai dai ɗalibai su ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu. Ranar farko na zaci bore ne, na fara tattara jakata. Na ukun shi ne mu goma sha biyu ne kacal a kewayen tebur, farfesa ta jefo tambaya ta yi shiru tana jira, kuma wanda ya yi mata gardama shi take sakar wa fuska. Ni da na saba rubuta abin da malami ya faɗa in mayar masa a jarrabawa, sai da na yi wata guda kafin in ɗaga hannu.

Akwai kuma wani abin dariya. Na shiga shafin jami'a na rubuta kalmar Hausa don in ga me suke da shi, sai sakamako ya zubo ɗaruruwa. Na ce ikon Allah, ashe haka ake ji da mu a nan. Da na duba sai na ga Hausarbeit, Hausaufgabe, Hausarzt. Da Jamusanci Haus gida ne, na farkon doguwar takardar da ɗalibi ke rubutawa a ƙarshen zango, na biyun aikin gida, na ukun likitan iyali. Amma a ƙarƙashin tulin akwai na gaske: ana koyar da Hausa a jami'ar, tare da Suwahili da Bambara da Wolof.

Kafin in kai ga ajin Hausa, Yarbanci ne ya fara tarar ni. A tsakiyar gari akwai wani gida na jami'ar da ake kira Iwalewahaus, inda ake ajiye zane-zane da kaɗe-kaɗen Afirka na zamani. Ina ganin sunan na karanta shi ba tare da an fassara min ba: iwa l'ewa, wato hali shi ne kyau, maganar da maƙwabciyarmu mai sayar da burodi ke yi wa 'ya'yanta kullum. Ulli Beier ne ya kafa gidan a 1981, Bajamushen da ya zo Ibadan a 1950 ya daɗe a ƙasar Yarbawa, musamman Oshogbo, shi ya sa ayyukan masu zanen Oshogbo irin su Twins Seven-Seven suke nan. A wurin na haɗu da 'yan Najeriya masu digiri na uku. Muka yi ta hira da Yarbanci, sai da aka zo tambayar gari na ce ni Bahaushiya ce, suka ce ƙarya nake. Abin bai ba ni mamaki ba. A Legas Malla ake ce mana, in mun je Kano biki kuma 'yan Ikko. Na saba zama baƙuwa ta kowane ɓangare.

Malamin Hausan da ya ji labarina ya roƙe ni in riƙa zuwa ranar Laraba ina hira da ɗalibansa, su biyar. Na amsa da faɗin rai, a zuciyata ina cewa ko ba komai a nan dai ni ce farfesa. Ranar farko lafiya lau, gaisuwa ce da cinikin kasuwa. Rana ta biyu wani dogon saurayi ya tambaye ni ko sayo aji na shida ne a cikin azuzuwan fi'ili, sayar kuma na biyar. Na ce wane aji? Ashe wani Bature mai suna Parsons ya kasa fi'ilan Hausa gida bakwai tun wajen 1960, kuma da wannan ake koya musu: saya, saye, sayar, sayo, sayu, kowanne da lambarsa. Wannan bai dame ni ba, mai harshe ba ya buƙatar lamba. Da suka tambayi bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, na faɗa musu a baki suka ji jan wasalin, na wuce.

Wadda ta kayar da ni wata 'yar siririya ce mai gilashi, 'yar manoma daga wani ƙauye kusa da garin. Ta ce, cikin Hausarta mai tsabta kamar ta labaran rediyo, "Malama, mene ne bambancin gero da maiwa? Kuma bayan sussuka, shiƙa ake yi ko surfe?" Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Ni da aka haifa a bakin layin dogo, geron da na sani na cikin buhu ne a kasuwar Mile 12. Ban taɓa ganin zangarniya a kan kara ba. Na yi 'yan kame-kame, kuma cikin ruɗewa na ce musu, "Oya, mu ci gaba, shebi kun gane?" Saurayin nan ya ɗauki biro zai rubuta oya a littafinsa, ya tambaye ni ko karin harshen Sakkwato ne. Malamin ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

A daren na kira gida na ce a ba ni Hajiya. Tun ranar 29 ga Oktoba da Jamus ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, lokacinmu da na Legas ya zama ɗaya, sai dai magaribarsu ba tawa ba ce. Na ce, "Hajiya, mene ne maiwa?" Ta yi salati. Ta ce, "Yau na ga ta kaina. Sai da kika je ƙasar Nasara za ki tambaye ni maiwa?" Sannan ta gyara zama, na ji ƙarar tabarma ta waya. Gero shi ne mai saurin nuna, shi ke fitar da talaka daga yunwar damina, maiwa kuwa tana jan lokaci sai can cikin kaka. Ta bi min noma daki-daki yadda ta san shi a ƙauyensu kafin a kawo ta Ikko aure: sassabe, shuka bayan ruwan farko, noman firi, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami, zubawa a rumbu. Sai aikin mata: a yi sussuka a turmi, a yi shiƙa iska ta kwashe ƙaiƙayi, a yi surfe a fitar da dusa, a bakace, a wanke, sannan daka da tankaɗe. Ina rubutawa hannuna na rawa, don shekara ashirin da shida muna gida ɗaya da matar nan ban taɓa tambayar ta komai ba sai inda ta ajiye makulli.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Ƙanwata ta koya mata aika saƙon murya, ni kuma duk Laraba in kai wa ɗalibai. Hajiya ta yi musu tatsuniya, ta fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," Jamusawa biyar suka amsa wa waya da "Ta zo mu ji ta." Ta yi musu kacici-kacici, ta yi waƙar daka. Mai gilashin ta aika mata gaisuwa da hoton gonar ubanta, Hajiya ta saurara sau uku ta ce wannan ta fi ni iya gaida manya.

Laburaren ma haka ya yi min. Na je neman takardun 'yan mulkin mallaka kan ciniki, sai na faɗa kan Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fatake zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, daga baya ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Garin yana cikin Ghana yanzu, amma a lokacin yana ƙarƙashin Jamusawan Togo, kuma jami'insu Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906, ya sa malamin ya rubuta masa bayanai da ajami kan tarihi da sana'o'in Hausawa. Goron da kakannin kakanninmu suka sha tafiyar watanni da jakuna suna ɗaukowa daga Gwanja, shi ne daga baya manoman Agege da Ota da Shagamu suka dasa, kuma da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 sai fatake suka juyo kudu. Asalin Zangonmu ke nan. Wannan na san shi a takarda tun a Akoka, amma karanta Hausar mutumin da ya taka tsohuwar hanyar da ƙafarsa wani abu ne daban, kuma kalmomin da suka gagare ni a ciki, Baba nake kira. Mutumin da ya ƙi tafiyar ya koma yana jiran tambayata, wata rana har ya tara tsofaffin 'yan goro a rumfarsa aka sa ni a lasifika suna gardama kan ma'anar kalma ɗaya.

Goron nasa kuwa ya sha wuya. Hita ta fara busar da shi, ya ce in yayyafa ruwa in ajiye a jikin taga inda sanyi yake. Farfesata ta karɓi nata da hannu biyu, ta san darajarsa don ta yi aiki a Afirka ta Yamma. Saurayin nan mai lambobi ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, amma ya daure ya haɗiye ya ce, "Na gode, akwai ɗaci."

Disamba ce ta fi yi min nauyi. Rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, sai in yi ta neman lungu a laburare ina shimfiɗa ɗankwali tsakanin darasi da darasi. A farkon watan aka yi dusar ƙanƙarar da ta sa aka rufe filin jirgin saman Munich. Ranar farko na fita ina ɗaukar hoto kamar yarinya, rana ta uku na zame a bakin tashar bas na zauna daɓas. Rigar Katangowa dai ta cika alkawari, takalmin ne ya ci amanata. Akwai yammacin da na dafa miyar kuka da naman da na sayo a shagon Turkawa, warin daddawa ya cika kicin, na zauna ina ci ni kaɗai ina hawaye ba tare da wani ya yi min komai ba. Da Umma ta kira na ce mura ce.

Na je Nuremberg kasuwar Kirsimeti da 'yan ajinmu, na kuma shiga ɗakin da aka yi wa manyan 'yan Nazi shari'a daga 1945 zuwa 1946. A Bayreuth ɗin kanta na ga gidan waƙar da shahararren mai tsara kiɗa Richard Wagner ya gina, wanda aka buɗe a 1876, daga waje kawai, domin bikinsa sai Yuli da Agusta. A watan Janairu manoma suka fito da taraktoci suka tare tituna saboda gwamnati za ta janye musu rangwamen dizil. Na tura wa Kawu hoton na ce ga nasu cire tallafin. Direbobin jirgin ƙasa ma suka yi yajin aiki na kwanaki, na ji kamar ina gida. Ranar 11 ga Fabrairu muka taru a ɗakin wani ɗan Ibadan muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka, muka fara ci, Kwaddibuwa ta rama ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Shinkafar da aka dafa don murna haka muka ci ta shiru.

A wannan watan dala ta wuce naira 1,500, wayata kuma ta fara karɓar gaisuwa daga dangin da rabona da su tun sunan ƙanwata. Kowa lissafin yuro yake da naira, ba mai lissafin haya da inshora. Na yi wa wasu abin da ya samu, wasu na ba su haƙuri, wata gwaggo har yau amsa gaisuwata take a daƙile.

Na miƙa Hausarbeit ɗina, wadda a wannan karon da gaske kan Hausawa take, na sauka Legas a farkon Maris, kwana kaɗan kafin a ga wata. Zafi ya mare ni tun daga ƙofar jirgi. A hanya Yaya ya nuna min sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Agege, ya ce an ƙaddamar da layin ranar 29 ga Fabrairu amma bai fara ɗaukar mutane ba. Da sakamako ya fito na ce wa Baba na samu 1.7, ya yi shiru, sannan ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Shi ya san a Jami'ar Legas 5 ce ƙololuwa. Sai da Yaya ya yi masa bayani cewa a Jamus 1 ce gaba, 4 ce iyakar tsira, 5 kuwa faɗuwa, sannan ya ce, "To su komai nasu a juye yake?"

Hajiya ba ta tambayi maki ba. Na ba ta tsarabarta, da katin da mai gilashin ta rubuto mata da hannu. Ta sa na karanta mata sau biyu, ta karɓa ta tura ƙarƙashin matashi. Washegari da hantsi, ana shirin kunun azumi, ta sa aka auno gero kwano biyu aka zuba a turmi, ta kira ni ta miƙo min taɓarya.

"Tunda kin iya faɗa wa Turawa, zo ki surfa mu gani."

Ban yi lugude goma ba gero ya fara tsalle yana zubewa ƙasa, kajin maƙwabta suka taso. Ta karɓe taɓaryar ta ce in je in ɗebo ruwan yayyafi, wai ko wannan ban sani ba, ba a surfe a bushe.